Jawabin Yaye Ɗaliban Awon Magunguna a Tawa



Mai girma Gwamnan Jihar Tawa, masu martaba sarakunan Adar, malamai, iyaye, da ku ƴaƴanmu da ake yayewa yau.

A shekarar 2013 wasu masana na Faransa da Kamaru suka ba da sanarwar da ta girgiza masu harhaɗa magani: wai sun samu tramadol, wanda muke cewa tiramol, a cikin saiwar tafashiya, itacen da masu maganin gargajiya suka daɗe da sani. Aka ce ashe daji ma yana haɗa abin da masana'anta ke haɗawa.

A 2014 masanan Dortmund ta Jamus suka sake awon. Suka ga tiramol ɗin a saiwoyin arewacin Kamaru yake, na kudu babu. Kuma tare da shi akwai ɓurɓushin da yake komawa bayan hanta ta sarrafa shi. Itace kuwa ba shi da hanta. Manoma ne ke ɗura wa shanun huɗa ƙwayar don su jure wahala, fitsarinsu ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotse.

Cikin abubuwan da suka taimaka wajen warware gardamar akwai aikin da kuka koya, kuromatogirafi, dabarar rarrabe sinadarai da Mikhail Tsvet na Rasha ya fara a 1903, lokacin da ya tace launukan ganye ta cikin garin alli. Na'ura tana nuna abin da ke cikin samfur. Yadda aka yi ya shiga, wannan tambayarku ce.

Kada ku ɗauka labarin na nesa ne. Ƙwayar nan tana yawo a tashoshinmu da kasuwanninmu, daga Ƙonni har Abalak, wata mai miligiram 225, alhali ta asibiti 50 ce ko 100. Hanta tana mayar da ita wani sinadari da ya fi ta ƙarfi, wata hantar da sauri, wata a hankali. Shi ya sa samari biyu za su sha iri ɗaya, guda ya koma aikinsa, guda a kwashe shi zuwa asibiti.

Mai girma Gwamna, babban ɗakin awon magunguna na ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, fiye da kilomita 500 daga nan. Ga ma'aikata mun yaye. Muna roƙon a sama musu kayan aiki a Tawa.