Fuskar Mai Mamaya a Silima



A ƙauyukanmu na arewacin Kano, wajen Bichi da Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, kakanninmu da yawa a jikin farin ƙyalle suka fara ganin Bajamushe. Zamanin yaƙin Hitila ne, ana kafa majigi a ƙofar hakimi, ga hukumar mulkin mallaka tana neman samarin da za ta ɗauka soja, tana kuma neman gyaɗa.

Da yaƙi ya ƙare, ƙasashen da Jamus ta mamaye suka shiga jinyar rauninsu da silima. Italiya ta fito da "Roma città aperta" a 1945. Tarayyar Sobiyat ta yi "Idi i smotri" a 1985, a kan ƙauyukan Belarus da aka ƙone da mutane a ciki. Galibi yadda ake nuna Bajamushe ke nan: hafsa tsaf-tsaf, murya a sanyaye, zuciya ba imani. Wannan ba wuya, baƙo ne. Abin da ya gagara shi ne nuna ɗan gida da ya taya shi. Faransa ta daɗe tana lallashin kanta cewa kowa ya yi turjiya, har Marcel Ophuls ya shirya "Le Chagrin et la Pitié" a 1969, inda mutanen garin Clermont-Ferrand suka faɗi da bakinsu yadda aka zauna da Jamusawa, wasu har da cin moriya. Talabijin ɗin Faransa bai nuna shi ba sai 1981.

To, mu fa? Mu ma an ci mu da yaƙi. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Turawan rundunar 'yan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogi baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. A makaranta ba a cika jaddada mana wannan ba.

Med Hondo bai kauce masa ba. A "Sarraounia", fim ɗinsa na 1986 a kan ta'asar da Kyaftin Voulet na Faransa ya yi a ƙasar Nijar a 1899, sojojin Afirka ne ke harbi, maƙwabta kuma suka ƙi kai wa sarauniyar Lugu ɗauki. Duk wanda zai shirya fim ɗin 1903 a cikinmu, sai ya sa wa Bahaushe kakin sojan Morland, ya bar shi ya yi magana da Hausa a bakin ganuwa.