Tuwon da Muka Zo da Shi, da Turmin da Muka Baro

An ce in yi magana a kan abincin gida, kuma an sa ni magana daf da lokacin cin abinci, ƙamshin miyar kuka yana shigowa daga kicin. Na san ba za a yi mini dogon haƙuri ba.

Zan fara da kaina. Bara, a asibitin da nake aiki, na sa aka yi mini gwajin jinin nan da ke nuna yadda suga yake a jikin mutum cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Nawa ya nuna 44. A lissafin da ake bi a nan Ingila, daga 42 zuwa 47 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, daga 48 kuma ya shiga. Na zauna ina kallon takardar ina jin kunya. Ba na shan lemon kwalba, ba na cin abincin titi, kullum ina yi wa marasa lafiya wa'azi. Abin da nake ci shi ne tuwo, irin wanda Kakata ta ci har ta haura tamanin ba ta san allurar suga ba. To ina aka samu matsala?

Da na natsu sai na ga tuwona da nata suna kawai suka haɗa. Ku tuna yadda malmala ɗaya take isa akushi a gida. A ciro damin gero ko dawa daga rumbu, a yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka ko a niƙa, a tankaɗe. Kafin nan an je rijiya sau uku ko huɗu, an faskara itace. Sannan a kama muciya a tuƙa tukunyar mutum ashirin. Maza kuma tun asuba suna gona da fartanya, su dawo a ƙafa. Jikin da ya yi wannan aikin yana ƙone abin da ya ci kafin gari ya waye. Ni kuwa in fito daga gida in shiga mota, in zauna gaban kwamfuta, in dawo in buɗe ledar gari, minti goma tuwo ya nuna. Kuma malmalar tawa ba ta fi ta manomi ƙanƙanta ba.

Garin ma daban ne. Farin garin shinkafa da na alkama da muke saya a shagunan Peckham da makamantansu an cire musu dusa tas, an niƙa su laushi. Irin wannan gari da ya shiga ciki nan da nan yake zama suga a jini. Gero da dawa da acha da ba a yi musu surfe mai tsanani ba suna da dusar da ke rage wannan gudun, kuma suna daɗewa a ciki. Abin dariya, a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekara guda don gero da danginsa, kuma yanzu ana sayar da garin 'ya'yan kuka cikin 'yar kwalba da tsada a shagunan masu kula da lafiya. Mu da muka tashi muna tsotsar sa a gindin bishiya mu ne muke gudun sa, wai abincin ƙauye.

Sai miya. Miyar Kakata daddawa ce, da kuka ko busasshiyar kuɓewa, da barkono, da ɗan gishiri, ranar sa'a a ɗiga man shanu. Tamu kuwa a zuba mai har ya taso, a marmasa dunƙule huɗu ko biyar, a ƙara gishiri. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin burodi da dunƙule a lissafin. Kanwar ɗanwake ma tana cikin dangin da ke tayar da hawan jini idan ta yi yawa. Baƙar fata kuma mun fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon suga. A nan ƙasar ana ɗaukar haɗarin suga a wurinmu ya fara tun daga shekara 25, alhali a wurin Turawa sai 40.

Ban zo in raba kowa da tuwo ba. Na san abin da yake yi wa zuciya. Ranar da aka kira ni aka ce Inna ta rasu, ban samu jirgi ba sai bayan kwana biyu, kuma abin da na iya haɗiya a kwanakin nan kunun tsamiya ne kawai. Wanda ya yi shekara goma yana fita aiki cikin duhu yana dawowa cikin duhu, ɗumamen safiyar Asabar ba ƙaramin magani ba ne a gare shi. Abin da na yi dai shi ne na rage malmala ta koma kamar dunƙulen hannuna, na ƙara miya da ganye. Na koma garin gero da dawa. Dunƙule ɗaya a tukunya, daddawa ta cike gurbin sauran. Maigidana ya yi mita mako biyu, daga baya harshensa ya saba. Kwaɗon zogale da na rama da dafaffen wake suka dawo teburinmu. Fura da nono ina sha, ba suga. Kuma tunda babu rijiya babu turmi, sai na mayar da su tafiya: minti 30 bayan cin abincin dare, kwana biyar a mako, wanda ya yi daidai da minti 150 da ake so. Bayan wata shida gwajin ya sauko 39.

Ga 'yan uwa na gida da za su karanta wannan a mujalla, kada ku ce wannan ciwon 'yan Turai ne. Da na je gida bana, inji ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi tafiya, yara suna karyawa da taliyar leda. Na auna jinin mutum goma sha biyu a zauren gidanmu, biyar ya hau, kuma babu wanda ya sani a cikinsu. Ba na kukan turmi, domin na ga abin da ya yi wa bayan iyayenmu mata, kamar yadda na ga abin da hayaƙin murhu ya yi wa ƙirjinsu. Abu ɗaya kuma nake roƙo: gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita. Dafin da ke cikinta wuta ba ta kashe shi, kuma yana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Mu masu aika kuɗi, cikin abin da muke aikawa a sayi na'urar awon jini guda ɗaya a ajiye a gida.

Masu tafiya hutu, ku cika jaka da kuka da kuɓewa da daddawa, amma kilishi da dambun nama doka ta hana shigo da su, kada Alhaji ya sha kunya a filin jirgi.

Akwai igiya a kan teburin baya. Kowa ya auna tsawonsa da ita, ya ninka biyu, ya zagaya cikinsa a saitin cibiya. In ba ta haɗu ba, ya same ni. Na zo da na'urar awon jini, ni da ƙanwata ma'aikaciyar jinya za mu zauna har bayan La'asar. Mata a ɗakin hagu, maza a nan. Hajiya, bismillah, a shigo da tuwon.