Hoton ƙasarmu ma tarihi ne



Duk baƙon da ya zo Daura da kyamara, Rijiyar Kusugu yake nufa, sai ƙofar fada, sai hawan Sallar Gani. Wannan ya yi daidai, amma masarautar ba ta ƙare a cikin birni ba. Mu matsa gaba: hanyar Mai'adua zuwa Kongolam, Dam ɗin Sabke, gonakin Sandamu, Zango da Baure.

A can ne gawo yake kaɗe ganyensa da damina, ya yi shar da rani, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa. A can kuka da goriba suke tsaye suna kare ƙasa daga kwararowar hamada. Matashin da ya ɗauki hoton gona ɗaya daga wuri ɗaya kowace kaka, ya rubuta kwanan wata, ya tanadar wa manoma da hukuma shaidar abin da gatari ya ci da abin da dashe ya mayar.

Aikin yana son sammako, domin hasken fitowar rana da na la'asar sakaliya su ke fito da surar ƙasa. Shi ya sa kwana kusa da wurin yake da amfani. Amma a fara gaida dagaci, a kwana inda ya nuna, a guji tafiyar dare. Lokacin hunturu a kare kyamara daga ƙura. A nemi izinin mai gona, kada kuma a ɗauki hoton shingen jami'an tsaro a bakin iyaka.

Matasanmu, wayar hannunku ta isa ku fara. Sai wani jiƙon.