DOKAR TABA SIGARI DA 'YA'YANMU: MAGANA TANA KAN TEBURIN MAI TIREDA

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Agege, Jihar Legas)



An ɗora mini nauyin in yi bayani a kan dokokin hana shan taba da yadda suka shafi yaranmu. To, ni ba lauya ba ne, kuma ba likita ba. Uba ne ni, na kuma daɗe a unguwar nan. Saboda haka idan na taka wani, a yi mini afuwa.

Da farko bari mu san dokokin. Tun a 1990 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20, wadda ta hana shan taba a wurare kamar makarantu da asibitoci da motocin haya. A 2014 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a kan dokar Jihar Legas ta hana busa taba a wuraren taruwar jama'a. Sannan a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan babbar dokar taba ta ƙasa, wadda aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2019. Abu uku nake so kowa ya riƙe daga cikinta. Na ɗaya, laifi ne a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. Na biyu, laifi ne a sa yaro ya sayar da ita. Na uku, an hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali guda mai kara 20. Wanda ya karya, akwai tara, akwai ɗauri.

Me ya sa aka hana kara-kara? Ai dalilin a fili yake. Ɗan sakandare ba shi da kuɗin kwali, kuma ko ya saya ba shi da wurin ɓoye shi a gida. Amma canjin da ya rage masa na kuɗin mota ya isa kara ɗaya. Ga shi kuma hoton gargaɗin nan mai tayar da hankali da aka fara bugawa a 2021, a jikin kwali yake. Mai sayen kara ɗaya ba ya ganinsa. Ashe ke nan duk hikimar dokar ta tsaya a kan hannun da ke buɗe kwali ya zaro kara.

To jama'a, hannun wa ne? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Obalende, wane ne mai tebur a bakin titi, da alawa da biskit da ashana da taba a jere? Da yawa namu ne. Jami'in gwamnati ba zai tsaya a kan kowane tebur ba, shi ya sa har gobe ake sayar da ita kara-kara kamar babu doka. Amma ranar da aka tashi kame, ba kamfani za a fara damƙa ba, ɗan'uwanmu za a jefa a mota, a ce ga masu lalata 'ya'yan mutane. Mu da ke zaune a garin wasu, sunanmu shi ne jarinmu.

Kada kuma mu iyaye mu ɗauka mun tsira. Wanda ke cewa ɗansa, "Kai, jeka sayo mini kara biyu," ya koya masa hanya, ya koya masa farashi, ya kuma ba shi hujja. Gobe idan ya je don kansa, cewa zai yi Baba ne ya aiko shi.

Sai sabuwar fitina, wato shisha da sigarin lantarki da yara ke kira vape. Wannan na biyun ba ya bukatar ashana. Batir ne ke dafa wani ruwa ya zama tururi, da ƙamshin mangwaro ko na alawa. Wani kamar biro yake, uwa za ta gan shi a jakar makaranta ta mayar. Babu warin taba a riga, balle a gane. Amma yawancinsu na ɗauke da nikotin, sinadarin nan da ke kama mai shan taba ya kasa bari. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ba ta gama girma sai wajen shekara 25, don haka ya fi saurin kama yaro. Kuma ta waya ake tallarsa, a kawo har ƙofar gida, inda idon hukuma ba ya kaiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma yawancin masu sha tun suna yara suka fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ina roƙon abu huɗu. Masu tireda su haɗa baki: ba a sayar wa yaro, ko wa ya aiko shi. Na san akwai asarar ciniki, amma idan kowa ya ƙi, babu wanda maƙwabcinsa zai ƙwace wa kasuwa. Iyaye mu daina aiken yara sayen taba. Iyaye mata a riƙa duba jaka, abin da ba ku gane ba ku tambaya. Yaron da ya riga ya faɗa ciki kuwa, kada a kore shi, kora tasha take kai shi. A jawo shi a jiki, a kai shi asibiti a nemi shawara.

Ɗa na kowa ne. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.