Mai a Birkin Babur: Sanadinsa da Maganinsa



Duk wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Boɗinga da Shagari ya san Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. A wancan zamani doki da jaki da raƙumi ne abin hawa. Yau kuwa babur ne ya gaje su: shi ke kai malami makaranta, shi ke kai albasa kasuwa, da shi kuma ɗan kabu-kabu ke ciyar da iyalinsa. To, doki yana da linzami, babur kuwa birki ne linzaminsa, kuma a kan abu guda da ke kashe wannan linzami zan yi magana, watau mai.

Birki ba ya aiki sai da gogayya. Idan mahayi ya matsa hannu ko ya taka ƙafa, takalmin birki yakan damƙi faifan ƙarfe, ko kuwa cikin gangar ƙafa a irin baburan da suka fi yawa a karkararmu, sai gudu ya rikiɗe ya zama zafi. Shi kuwa mai an yi shi ne musamman domin ya hana gogayya. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa biyu ya isa ya haɗa mahayi da garken shanun da ke tsallaka titi.

Ta ina man yake shiga? Mafi yawa daga shokozobar gaba. Ƙurar hunturu takan cinye robar da ke tare mai a cikinta, sai ya riƙa tsatsafowa yana gangarowa har bisa faifai. Akwai kuma ɗabi'ar tuttula wa sarƙa baƙin mai, wanda gudu ke watsa shi baya, da cika giris a ƙafa fiye da kima, da masu wanki da ke shafe babur duka da tsumma mai maiƙo wai don ya yi ƙyalli. Alamarsa ba ta ɓuya: birki ya riƙa kuka, a matsa da ƙarfi amma babur ya ci gaba da sulalewa, fuskar takalmin kuma ta yi baƙi tana sheƙi.

A nan nake so a lura da bambanci. Faifan kamar tasa yake, ba ya shan mai, wanki ya ishe shi. A goge shi da sifirit ko ruwan wanke birki da tsumma mai tsabta, a maimaita har tsumman ya fito fes. Kada a kusanto da kananzir ko man gas, domin su ma maiƙo ne. Amma takalmin kamar tukunyar ƙasa yake wadda aka daɗe ana suya a ciki: ko an wanke bayanta, da ta ji wuta sai man ya sake fitowa. Haka takalmin da ya sha mai yakan yaudari mai shi da safe, ya ci amanarsa da rana bayan ya ɗauki zafi.

Na sha ganin makanikai suna zuba wa irin wannan takalmi fetur su cinna masa wuta. Ban yarda da wannan dabara ba ko kaɗan, gama wuta tana lalata ƙaron da ya haɗa jikin takalmin ya kuma liƙa shi da ƙarfensa, yana iya ɓanɓarewa ana tsakiyar tafiya. In ɗan digo ne aka gani nan take, ana iya wankewa a kankare fuskar da samfefa, amma fa kada a hure ƙurar da baki, domin wasu takalman masu araha suna ɗauke da asbestos mai cutar da huhu. In kuwa ya jiƙa, sai sabo, kuma biyun tare.

Kafin a ɗaura sabon, wajibi ne a toshe inda man ya fito, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Sa'an nan a sami fili wanda ba kowa, a yi ta tsayawa sannu-sannu daga ƙaramin gudu, kamar sau 20, har takalmi da faifai su zauna da juna, kana a ɗauki fasinja.