Ma'aikacin Aro: Shin Kwantiragi Yana Kai Mutum Ga Aikin Dindindin?



Duk wanda ya shiga banki a Kano ko Kaduna ranar Litinin da safe zai tarar da kashiyoyi jere a bayan gilashi. Shigarsu iri ɗaya ce, gaisuwarsu iri ɗaya. Tun da sassafe kowa ya iso, kuma ba mai tashi sai lissafin ranar ya daidaita, ko da an kira isha'i. Abin da mai ajiya ba ya gani shi ne takardar kama aiki. Ta wannan matashiyar tana ɗauke da sunan bankin. Ta wadda ke gefenta kuwa sunan wani kamfani ne a Legas, wanda ba ta taɓa taka ƙofar ofishinsa ba, shi ya ɗauke ta ya ba bankin aronta. Albashinta bai kama ƙafar na abokiyar zamanta ba. Ranar da aka raba garaɓasar ƙarshen shekara, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ƙirga kuɗin mutane. In aka tambaye ta me ya zaunar da ita, amsar ba ta wuce wadda mahaifinta ya ba ta ranar da ta kawo masa takardar: ki riƙe wannan tukuna, in suka ga ƙwazonki za su tabbatar da ke.

Wannan alkawari shi ne abin dubawa a yau, domin dubban gidaje suna rayuwa a kansa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2020 sun nuna wajen 4 cikin kowane ma'aikaci 10 na bankunan Najeriya 'yan kwantiragi ne.

Asalin sana'ar bayar da aron ma'aikata ba haka yake ba. A 1946 William Russell Kelly ya buɗe kamfaninsa a Detroit ta Amurka, yana tura mata masu buga tafireta zuwa ofisoshin da aiki ya yi wa yawa. A 1948 wasu lauyoyi biyu a Milwaukee, Elmer Winter da Aaron Scheinfeld, suka rasa mai buga musu takardar da kotu ke jira, daga nan suka kafa Manpower. Aro ne na gaskiya: sakatariya ta kwanta ciwo, a kawo wata ta riƙe mako biyu. Sai daga baya kamfanoni suka gane cewa ana iya riƙe mutum shekara da shekaru a matsayin aro.

To, aron yana zama mallaka? Binciken da ya fi kowane tsauri a kan wannan tambaya a Detroit ɗin aka yi shi. David Autor na jami'ar MIT da Susan Houseman ta Cibiyar Upjohn sun bi diddigin mutanen da ke karɓar tallafin gwamnati, galibinsu mata masu 'ya'ya, waɗanda shirin Work First na jihar Michigan ya tura neman aiki. Tsarin shirin ne ya ba binciken ƙarfi. A unguwa ɗaya akan sami ofisoshin sama wa mutane aiki biyu ko uku, ana raba musu masu nema bi da bi. Wani ofishin ya fi tura mutane wurin dillalan ma'aikata, wani kuma ya fi dagewa sai kamfani ya ɗauki mutum da kansa. Ke nan ba ƙwazon mutum ne ya zaɓa masa hanya ba, layi ne ya faɗo da shi. Da aka buga sakamakon a 2010, sai aka ga waɗanda aka ɗauka kai tsaye sun ci gaba da samun aiki da ƙarin kuɗin shiga har kusan shekara biyu. Waɗanda suka bi ta hannun dillali kuwa sun sami kuɗi a watannin farko, daga nan ribar ta ɓace, har da alamar cewa wasu sun koma baya. Aikin yakan ƙare da wuri, mutum ya koma layi, kuma kwanakin da ya kamata ya yi yana neman mai ɗorewa sun tafi.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Italiya ta halatta wannan sana'a a 1997, kuma Andrea Ichino da abokan aikinsa biyu sun duba abin da ya biyo baya a yankunan Tuskani da Sisili. A Tuskani, inda masana'antu ke da rai, wanda ya yi aikin aro ya fi takwaransa damar samun na dindindin bayan wata 18. A Sisili, inda aikin yi ya yi ƙaranci, sakamakon bai tsaya da ƙafarsa ba. Ƙasa ɗaya ce, doka ɗaya, kamfanonin dillanci ma kusan su ɗin ne. Bambancin yana ga dalilin da ya sa mai kamfani ya nemi dillali tun farko. Inda sallamar ma'aikaci ke da wuya, kuma akwai gurbi a buɗe, mai kamfani yakan karɓi aro don ya gwada mutum kafin ya ɗaura wa kansa nauyi. Wannan gwaji ne, kuma gwaji yana da ranar ƙarewa. Amma inda aka nemi dillali don a rage albashi, a kauce wa fansho da garatuti, a toshe ƙofar ƙungiyar ƙwadago, babu ranar da za a ce gwaji ya cika, tunda ba a taɓa nufin gwada kowa ba.

A nan ne lamarin Najeriya yake da ciwo. Kujerar kashiya ba ta wucin-gadi ba ce, muddin banki yana buɗe sai an zauna a kanta. Haka direban tanka, haka mai gadi, haka mai tsayawa kan inji a masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano. Aikin na dindindin ne, mutumin ne kaɗai aka mai da na wucin-gadi. Sannan an gina katanga tsakanin sahun 'yan kwantiragi da na ma'aikatan dindindin. Ana ɗaukar 'yan kwantiragi da yawa da difloma ta kwalejin fasaha, alhali ƙofar aikin dindindin digiri take nema, kuma bankuna da dama suna sa iyakar shekaru, 26 ko 27, ga sabon ɗauka. Matashiyar da ta shiga tana da 24, ta yi shekara huɗu tana karatun digiri a ƙarshen mako da ɗan abin da take samu, ranar da ta karɓi takardarta sai a ce shekarunta sun wuce. Ta san aikin fiye da yaron da aka kawo jiya daga bautar ƙasa, ita ma za ta koya masa, amma shi ne ma'aikacin banki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, domin duk wata dillali yana yankar la'adarsa a kan guminta.

Akwai waɗanda ake tabbatarwa, kowa ya san ɗaya ko biyu. Labarinsu ne ake ba sauran don su ci gaba da jiran gawon shanu.

Wasu ƙasashen sun ga wannan, suka sa wa aro wa'adi. A Birtaniya tun 2011, ma'aikacin aro da ya cika mako 12 a gurbi ɗaya dole a biya shi daidai da wanda aka ɗauka kai tsaye. Jamus tun 2017 ta ce wata 18 ne iyakar aron mutum ɗaya ga kamfani ɗaya, albashi kuma ya daidaita bayan wata 9, sai inda yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta tanadi wani abu dabam. Afirka ta Kudu, wadda halinta ya fi kusa da na Najeriya, ta gyara dokarta ta fara aiki a 2015: mai ƙaramin albashi da ya wuce wata uku a hannun kamfani, doka ta ɗauke shi ma'aikacin wannan kamfanin. Dillalai suka ja, ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta NUMSA ta tsaya, har Kotun Tsarin Mulki ta yanke a 2018 cewa kamfanin da ke cin moriyar aikin shi ne ubangida. Ba a ce dokar ta gyara komai ba, wasu kamfanonin sukan sallami mutum kafin wa'adi ya cika su kawo wani. Amma ta cire ribar riƙe mutum ɗaya shekara bakwai da sunan aro. Japan kuwa ta ga ƙarshen sakaci a 2008, lokacin da tattalin arziki ya karye: ma'aikatan aro aka fara kora daga masana'antu, da yawansu suka rasa ɗakunan kwanan kamfani a rana ɗaya, har ɗaruruwa suka shiga sabuwar shekara a tantuna cikin lambun Hibiya a tsakiyar Tokyo.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku, ta kuma ce mai ɗaukar ma'aikata don wasu sai da lasisi. Ba ta faɗi ranar da aro zai ƙare ba, ba ta kuma ce aiki ɗaya albashi ɗaya tsakanin kashiyoyin nan biyu ba. Ƙungiyoyin ƙwadago na NUPENG da PENGASSAN sun daɗe suna fama a fannin mai, har Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar 'yan kwantiragi a wannan fanni a 2011. A 2023 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana dillali karɓar kuɗi daga mai neman aiki, ta kuma ɗora wa gwamnati fayyace wane ne ke ɗauke da nauyin albashi da lafiyar ma'aikaci da diyyarsa, dillali ko mai aro. Abin da ya rage yana hannun Majalisar Tarayya, ta sa wa'adi a cikin doka. Kafin nan, Ma'aikatar Ƙwadago tana da abin yi wanda ba ya buƙatar sabuwar doka: duk dillalin da ya zo sabunta lasisi, a nemi ya kawo adadin mutanen da ya bayar aro, shekara nawa kowannensu ya yi a kujera ɗaya, da nawa aka tabbatar daga cikinsu, a buga wa jama'a su gani.