Ɗumin Jiki a Hunturun Damagaram: Rabon Abinci, Motsi da Numfashi

Hunturu yakan sauka a ƙasar Damagaram daga watan Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ya fara janyewa a ƙarshen Fabrairu. Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A birnin Zindar, ma'auni kan kai kusan digiri 30 da rana a watan Janairu, ya sauka zuwa wajen 15 kafin asuba, wasu dararen ma ya gangara ƙasa da 10. A lissafin ƙasashen ƙanƙara wannan ba wani sanyi ba ne, amma a nan yana cizo, domin iskar busasshiya ce, tana da ƙarfi, kuma tufafi da ɗakunan mutane don zafi aka tanade su. Shi ya sa Bahaushe ya ware masa suna, ya kira shi ɗari, ya bambanta shi da sanyin damina mai laima. Tsofaffin sorayen Birni, irin na fadar sarki, suna da kaurin bangon da ke shan rana ya riƙa sakin ɗumi cikin dare. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa, rana na faɗuwa yake hucewa.

Inda ɗumi yake fitowa

Ana cewa da sanyin safiya ake kama fara. Dalili shi ne fara ba ta iya ɗumama kanta, sai ta jira rana, shi ya sa masu kamu ke tsince ta a sandare kafin hantsi. Ɗan Adam kuwa da wutarsa yake yawo. Cikin jikinsa yana tsaye a wajen digiri 37 dare da rana, kuma wannan zafi daga ƙona abinci yake samuwa, a hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka. Bargo da gwado ba sa haifar da zafi ko kaɗan, tsare wanda jiki ya samar kawai suke yi.

Idan ɗari ya buga, jiki yakan fara da matse ƙananan hanyoyin jini na fata, ya janye jini zuwa ciki, sai hannu da ƙafa da kunne su yi sanyi. Idan hakan bai wadatar ba sai rawar ɗari ta biyo baya, wato tsoka ta riƙa makyarkyata don ta samar da zafi, har ninki huɗu ko biyar na lokacin hutu. Idan zafin ciki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Daga nan ake gane ƙa'idar da ta ratsa wannan batu duka: jin ɗumi daban, samun ɗumi daban. Akwai abin da ke sa fata ta ji zafi alhali jiki asara yake yi.

Abinci

Da duku-duku a bakin kasuwar Dole, kafin a buɗe rumfuna, masu dako da ƴan kabu-kabu kan kewaye mai koko. Kowa ya rungume kwanonsa da hannu biyu, ya sunkuya cikin tururi, ya kurɓa, ya gutsuri ƙosai. Wannan karin kumallo yana aiki ta hanya uku. Zafin kwanon yana ɗumama yatsu nan take. Geron yana ba da makamashi, kimanin kalori 360 a giram 100 na tsaba. Waken ƙosai kuma yana ƙara wani abu: narkar da abinci shi kansa yana haifar da zafi, kuma furotin ya fi kowane iri, domin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na makamashinsa a wajen narkewa yake tafiya, sitaci kuwa 5 zuwa 10 ne, mai bai wuce 3 ba. Saboda haka wake, ƙwai, nono, kifin tafkin Gidimuni, kilishi da soyayyar fara duk abincin hunturu ne na gaske.

Mai kuma nasa amfanin a daɗewa yake. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci 4. Shayi mai sukari wutar kara ce, ta tashi da sauri ta mutu da sauri. Gyaɗa, wadda kusan rabinta mai ne, da riɗi, da aya, da man shanu a kan tuwo, su ne gungumen da ke kwana yana ci. Wanda zai yi gadi ko ya kwana a garka, kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi masa kofi uku na shayi. Fatake sun daɗe da sanin wannan. Ayarin gishirin da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Faci da Bilma a farkon sanyi, ya gangaro kasuwannin ƙasar Hausa, guzurinsa dakakken gero ne da cuku da dabino, abinci mara nauyin ɗauka mai riƙe ciki. Alkakin da Damagaram ta yi suna da shi ma, alkama ce da mai da zaƙi a dunƙule.

Kayan yaji na buƙatar bayani. Citta, kanumfari, masoro da kimba suna sa kunu da farfesu su shiga, suna buɗe hanci, suna tada sha'awar ci, kuma wannan amfani ne. Barkono mai yawa kuwa yaudarar jijiyoyi yake yi: jiki ya ɗauka zafi ya yi yawa, ya saki zufa, iskar hunturu ta busar da ita ta tafi da ɗumi. Giya ta fi haka muni, domin buɗe hanyoyin jinin fata take yi, mutum ya ji ya yi ɗumi alhali zafin cikinsa zubewa yake.

Ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga mata masu ciki da ƙananan yara, yana rage wa jiki ikon samar da zafi, don haka hanta, nama, wake da ganye irin zogale suna da muhimmanci ga mai yawan jin sanyi. Ruwa ma haka: ƙishirwa kan ɓuya a hunturu, alhali busasshiyar iska na zuƙe laimar jiki da kowane numfashi. Ruwa mai ɗumi da safe da yamma ya kamata ya zama al'ada. Azumi kuma yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, har a 2030 zai faɗo a Janairu, ya sake kamawa a ƙarshen Disamba. A irin waɗannan shekaru, sahur mai wake da gyaɗa da mai ya fi na shayi da burodi.

Motsa jiki

Tsoka ita ce babban murhun jiki. Daga makamashin da take ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke zama aiki, sauran zafi ne. Tafiya da sauri na ninka zafin da jiki ke samarwa sau uku zuwa huɗu. Shi ya sa mai daka, da mai faskare, da mai jan guga ba su cika kukan ɗari ba, sai mai zaman tireda da mai gadi. Wanda sana'arsa ta zama ce, ya riƙa miƙewa lokaci-lokaci, ya taka, ya durƙusa ya tashi, ya wurga hannuwa don jini ya koma yatsu.

Al'adar ƙasa ta riga ta haɗa hunturu da motsi. Bayan an ɗauke amfanin gona ake buɗe fagen kokawa da dambe a ƙauyuka, kuma gasar takobin kokawa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, galibi a watannin sanyi ake yin ta. Ƴan kokawa ba sa shiga fage da sandararren jiki, sai sun yi tsalle da gudu sun ɗumama. Wannan hikima ce ga kowa, domin tsoka mai sanyi tana saurin yagewa, kuma sanyi na ɗaga hawan jini. Dattijo ko mai ciwon zuciya ya fara a hankali, ya jira hantsi, kada ya yunƙura daga shimfiɗa ya afka wa aiki mai nauyi.

Babban abokin gabar mai aiki a sanyi shi ne jiƙa. Ruwa yana janye zafi daga fata fiye da iska kamar sau 25. Mai noman rani a garakan Mirya ko a koramun Matamai da Magarya, wanda ke ban ruwan salati da kabeji tun asuba, wandonsa jiƙe har gwiwa, ba ya jin komai muddin yana ɗaukar bokiti. Yana zama hutawa sai haƙora su fara haɗuwa. Maganinsa busasshiyar riga a rataye a reshe, a canza da zarar an tsaya. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin ana iya rage su kafin zufa ta keto.

Numfashi

Hanci ba ƙofa ce kawai ba. Cikinsa lanƙwashe yake, cike da jini da laima, yana ɗumama iska ya kai ta sama da digiri 30 kafin ta wuce maƙogwaro, ya jiƙa ta, ya tace ƙura. Numfashi ta baki yana tsallake wannan aiki, sai busasshiyar iska ta faɗa ƙirji kai tsaye, ta tada tari da asma. Amawalin rawani, da lulluɓin fuska irin na Buzaye, dabarar numfashi ce babba: ƙyallen yana riƙe ɗumi da laimar iskar da aka fitar, ya mayar wa wadda ake shaƙa. Mayafi da takunkumin fuska ma haka suke yi wa mai tafiya a babur.

Shaƙar iska a hankali ta hanci, a cika ciki, a fitar da ita a tsawaita, yana kwantar da jijiyoyi, ya rage ƙanƙamewar da sanyi ke sawa. Akwai kuma hanyoyin da suka yi suna a duniya. A 1982 Herbert Benson na Jami'ar Harvard ya wallafa binciken da ya yi kan sufayen Tibet masu yin tummo, wato zuzzurfan tunani don ɗumama jiki, inda zafin yatsunsu ya ƙaru har da kimanin digiri 8. Amma wannan horo ne na shekaru, kuma numfashi ba ya maye gurbin abinci ko bargo. Hanyar nan ta saurin numfashi da riƙe shi, wadda Wim Hof ɗan ƙasar Holan ya yayata, tana iya sa suma, don haka ba a yin ta cikin ruwa, ko a bakin rijiya, ko a kan abin hawa.

Abin da ake shaƙa ya fi yadda ake shaƙa muhimmanci. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamominta ciwon kai, jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji su. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar kafar iska. Cunkoso a ɗaki ɗaya cikin ƙura da bushewa kuma yana taimakon sanƙarau: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, 18 suka rasu. Rigakafi da buɗe taga da rana suna cikin shirin hunturu.

Waɗanda ɗari ya fi kamawa

Jariri ba ya iya rawar ɗari, kuma kansa babba ne a kan jikinsa, don haka yana saurin hucewa. A sa masa hula, a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, a jinkirta wankan farko har kwana ɗaya, a daina wankan asuba a tsakar gida. Mai jego tana buƙatar ɗumi, amma da iyaka. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa da shan kunun kanwa mai yawa da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi, domin gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi mai tsanani kuma ya ƙara wa zuciya nauyi. Ruwa mai ɗumi da kunun gyaɗa sun wadatar.

Tsoho ba ya saurin gane cewa ya huce, almajirin da ya kwana a zaure da yunwa kuma ba shi da abin da jikinsa zai ƙona. Idan aka ga mutum ya rikice, maganarsa ta sarƙe, ko rawar ɗarinsa ta tsaya alhali jikinsa ya yi sanyi ƙalau, a shigar da shi ɗaki, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da kai tukuna. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a kara shi da wuta, a garzaya da shi asibiti.